Tsohon Layi Bayan An Kawo Sabo: Abin da Ya Kamata Matashi Ya Duba

Kwamfuta da wayar hannu ba sa manta hanyar da aka fara koya musu ta shiga intanet. Ko an kawo sabuwar hanya, kebul ne aka jawo ko rauta aka sayo, tsohuwar tana nan a rubuce cikin saitin na'urar, kuma da zarar sabuwar ta ɗan yi tangarɗa sai na'urar ta juya ta bi tsohuwar ba tare da ta tambayi kowa ba. A kwamfuta alamar abin a fili take: wani ɗan akwati ne zai riƙa faɗowa a fuskarta yana neman a buga layi, a rufe shi ya dawo, a sake rufewa ya sake dawowa. A waya kuwa babu akwatin da ke faɗowa. Sai dai mutum ya sa kati da safe, kafin la'asar ya duba ya tarar babu ko kwabo, alhali bai kira kowa ba, kuma yini ya yi a ɗakin da rautar take.

A garuruwa irin Kausani, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil, gyaran irin wannan matsala a wuyan matasa yake. Su ne ɗaliban da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda aka buɗe a 2001, su dawo gida da laftof a jaka. Su ne masu sana'ar POS da masu shagon buga takardu da duba sakamakon WAEC da NECO. Su ne kuma waɗanda Baba ko Inna ke miƙa wa waya su ce, "Duba mini, katina tafiya yake yi." Wanda aka miƙa wa waya haka amana aka ba shi, domin kuɗin da ke zurarewa gumin wani ne, kuma sau tari mai kuɗin ba ya iya karanta Turancin da aka rubuta saitin da shi.

Asalin matsalar yana komawa ga yadda aka fara shiga intanet daga gida. A wancan zamani kwamfuta kira take yi kamar mutum. Ana haɗa ta da wayar tangaraho ta hanyar wata na'ura mai suna modem, modem ɗin ya buga lambar kamfanin intanet, ya mayar da bayanai ƙara, wani modem a can ya mayar da ƙarar bayanai. Iyakar gudun wannan hanya kilobit 56 ne a daƙiƙa, wato hoto ɗaya na megabait 3 sai ya ci fiye da minti bakwai kafin ya sauka, idan layi ya yi kyau ke nan. Ana biyan kuɗi da minti, kuma muddin kwamfuta na kan layi ba mai iya kiran gidan. Saboda kowane kira kuɗi ne, kwamfuta ba ta zama a haɗe. Sai masu Windows suka sa mata dabarar da a lokacin taimako ce: duk sa'ad da wata manhaja ta nemi intanet ta tarar babu, kwamfutar ta buga layi da kanta, ko ta fito da akwati ta nemi a buga.

A Nijeriya 'yan ƙalilan ne suka ga wannan zamani da idonsu. Kafin 2001 layukan tangaraho na NITEL ba su kai rabin miliyan ba a duk faɗin ƙasar, kuma kusan dukansu a manyan birane suke. A watan Agusta na 2001 Econet da MTN suka fara aiki, Glo ta shigo a 2003, Etisalat a 2008. Bayan wayar salula ta yaɗu sai aka fara sayar da ɗan modem mai kama da filashi, wanda ake sa masa sim a soka shi a gefen laftof, yawanci ƙirar Huawei ko ZTE. Mutane da yawa a Kano da kewaye da shi suka fara shiga intanet daga ɗakinsu. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a idon Windows wannan modem ɗin tsohon kira ne ya sake riga. Lamba yake bugawa, *99# a layukan GSM, #777 a layukan CDMA irin na Starcomms da Visafone da Multi-Links. Kowane modem da aka taɓa sokawa yana barin sunansa a jerin layukan kira na kwamfutar. Kamfanonin CDMA sun daɗe da barin kasuwa, MTN ta saye Visafone a 2016, amma tsohuwar laftof da ta wuce daga hannun yaya zuwa ƙane tana iya ɗauke da sunaye uku ko huɗu na layukan da babu su a duniya yanzu, tana ta ƙoƙarin kiransu.

Kebul da rauta aikinsu daban ne. Ba a buga lamba, ba a jiran a ɗauka. Hanyar a buɗe take dare da rana muddin akwai wuta. A Turai da Amurka, ta kebul ɗin talabijin mutane da yawa suka bar layin kira a farkon shekarun 2000. A arewacin Nijeriya kebul na faiba da ke shiga har cikin gida bai wuce wasu unguwannin manyan birane da manyan ma'aikatu ba. Sauyin da aka fi gani a Wudil da ƙauyukanta shi ne daga modem ko datar waya zuwa rauta mai sim, ko ƙaramar maifai ta aljihu, ko waifai na makaranta, a wasu wuraren kuma tasar Starlink da ta fara aiki a ƙasar a Janairun 2023. Ko wanne ne daga ciki, ciwon ɗaya ne: an buɗe sabuwar ƙofa ba a rufe tsohuwa ba.

Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne gaggawa. Akwati ya faɗo sau uku, sai a yanke hukunci cewa bairos ne, a goge kwamfutar baki ɗaya a sake loda Windows, hotunan biki da takardun makaranta su tafi a banza. Bincike yana da tsari, kuma matakin farko ba ya taɓa tsohon layin ko kaɗan. Tambayar farko ita ce: sabuwar hanyar tana aiki kuwa? Domin sau da yawa akwatin kira gaskiya yake faɗa, wato kwamfutar ta nemi intanet ba ta samu ba. A duba fitilun rauta. A duba ko bakin kebul ya shiga raminsa har ya yi ɗan ƙara, domin ɗan harshen roba da ke riƙe shi yana saurin karyewa, kuma ƙurar hunturu tana cika ramin. A gwada wata na'urar a kan rautar. Idan waya ta buɗe shafi ta waifai ɗin amma laftof ta ƙi, laifin yana cikin laftof. Idan duka sun ƙi, to ko datar rautar ce ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, kuma babu saitin da za a taɓa a kwamfuta ya gyara wannan.

Akwai gwaji ɗaya da ya kamata kowane ɗalibi ya iya. A buɗe baƙin allon umarni na Windows, a rubuta ipconfig, a duba lambar adireshin da kwamfutar ta samu. Idan ta fara da 192.168, rauta ta karɓi kwamfutar ta ba ta adireshi. Idan ta fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi ba a ba ta ba, sai ta ƙirƙira wa kanta wanda ba ya kai ta ko'ina. A nan maganin shi ne a kashe rauta, a jira kamar rabin minti, a kunna, a sake haɗawa. Idan abin ya ci gaba a sauya kebul. Rauta kanta tana da shafinta, wanda ake shiga ta rubuta adireshinta a burauza, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. Adireshin yana rubuce a ƙarƙashin na'urar ko cikin murfin batirinta. A shafin ne ake ganin ƙarfin sabis, da yawan datar da aka ci, da na'urori nawa ne suke haɗe.

Sai an tabbatar sabuwar hanya lafiya take sannan a waiwayi tsohuwa. A Windows XP da Vista da 7, waɗanda har yanzu ana samunsu a shagunan buga takardu, maganin yana wuri ɗaya. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta inetcpl.cpl, a shiga shafin da aka rubuta wa "Connections". A nan za a ga jerin tsofaffin layukan kira, a ƙarƙashinsu kuma zaɓi uku. Na farko yana cewa kada a taɓa buga layi. Na biyu yana cewa a buga idan babu wata hanyar. Na uku yana cewa a riƙa buga layin da aka zaɓa ko da yaushe. Manhajar modem kan mayar da saitin kan na biyu ko na uku lokacin da aka girka ta. Wanda ya koma kebul ko rauta na farkon yake buƙata, wanda aka rubuta "Never dial a connection". Zaɓi na biyu yana da kyan gani, amma shi ne ke damun mutane a inda wuta ba ta zama, domin duk ƙiftawar da rauta ta yi, kwamfuta za ta ɗauka hanya ta ɓace ta fito da akwatinta. A Windows 10 da 11 jerin layukan kira yana cikin saitin netwok da intanet, a shafin "Dial-up", kuma daga nan ake cire wanda ba a so.

A shafin nan na "Connections" akwai wani maɓalli a ƙasa, "LAN settings", wanda yake da tarihi na musamman a wajen matasan Nijeriya. A shekarun da ake yayin neman intanet kyauta ta ɓarauniyar hanya, abin da ake kira cit, an riƙa cusa adireshin furoksi a nan, sau da yawa 127.0.0.1 da wata lambar ƙofa, domin burauza ta bi ta cikin wata manhaja. An toshe waɗannan hanyoyi, an goge manhajojin, amma adireshin ya zauna. Kwamfutar da ke da wannan saura za ta nuna tana haɗe da rauta lafiya lau, shafi kuwa ya ƙi buɗuwa, domin tana aika kowace buƙata ga ɗan aiken da ya daɗe da barin gari. A cire alamar da ke kan furoksi, a bar wadda ke cewa kwamfuta ta gano saiti da kanta. Banda asarar lokaci, cit ɗin kansa cin haƙƙi ne, kuma manhajojin da ake saukewa dominsa sun sha shigo da ɓarna cikin na'urori.

Wani lokaci an gyara wannan duka amma akwatin bai daina faɗowa ba, har ma ba a buɗe burauza ba. To wata manhaja ce ke kira daga bayan fage. Tsohuwar manhajar imel ta Outlook Express tana da nata saitin daban a cikin bayanan kowane akwatin saƙo, inda ake ɗaure ta da wani layi takamaimai. Sai an kwance ta a mayar da ita kan hanyar gida. Manhajar riga-kafin bairos da ke neman sabuntawa tana iya yin haka. Haka ma manhajar modem ɗin kanta, irin su Mobile Partner, wadda ke tashi tare da kwamfuta. A cire ta daga jerin manhajojin da ke tashi da kansu, ko a goge ta idan an daina aiki da modem ɗin. Idan duk wannan bai yi ba, akwai wani ma'aikacin ɓoye na Windows mai suna "Remote Access Auto Connection Manager", wanda aikinsa ke nan buga layi idan an nemi hanya ba a samu ba. Ana samunsa ta rubuta services.msc, a tsayar da shi a hana shi tashi. A nan sai an yi hattara, domin akwai wani mai kusan irin sunansa wanda VPN ke dogara da shi, kuma ɗalibin da ya kashe wancan zai rasa hanyar shiga wasu shafukan aiki ko na makaranta.

Abu ɗaya da ke cin kuɗi shiru shi ne barin modem a soke alhali kebul na haɗe. Idan layin kira ya haɗu, Windows kan ba shi fifiko, duk zirga-zirga ta koma ta kansa. Mai shago zai ga fitilar rauta tana ci, ya ɗauka da ita yake aiki, ashe datar sim ɗin modem ce ke ƙonewa. Zare modem ɗin a ajiye shi a aljihun tebur ya fi kowane saiti tabbas.

Tsoron bairos da matasa ke yi ba shi ne farkon abin dubawa ba, amma yana da tushe. A zamanin layin tangaraho an yi wasu miyagun manhajoji da aikinsu shi ne su katse kiran da mutum yake kai, su kashe ƙarar modem don kada a ji, su buga wata lamba mai tsada ta ƙasar waje. A 1997 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta gurfanar da wasu da suka yi wa dubban mutane haka da lambobin ƙasar Moldoba, ana cajin fiye da dala 2 a minti, mutane ba su sani ba sai da takardar kuɗin waya ta iso. Darasin da ya rage daga wannan shi ne, idan aka ga wani suna a jerin layukan kira wanda ba wanda ya san lokacin da aka sa shi, ko lambar da ba *99# ba ce ba kuma #777 ba, a goge shi a bincike kwamfutar. Tsohuwar Windows ta fi shiga wannan haɗari, domin Microsoft ta daina aiko wa XP gyaran tsaro tun Afrilun 2014, ta daina wa 7 a Janairun 2020, ta daina wa 10 kuma a Oktoban 2025.

Yau dai mafi yawan asarar a waya take faruwa, kuma a nan ya kamata a fi tsayawa. Waya tana da hanya biyu a lokaci guda, waifai da datar sim, kuma an gina ta ne ta guji katsewa ko da hakan zai ci kuɗi. Idan tana haɗe da rauta amma rautar ba ta kawo intanet, sai ta sa ɗan alamar motsin rai a jikin tambarin waifai ta koma datar sim shiru. Idan siginar waifai ta yi rauni, wayoyi da yawa suna yin haka nan. Apple ta shigo da wannan dabara a 2015 da sunan "Wi-Fi Assist", a kunne tun daga kamfani, kuma a shekarar aka kai ta kotu a Amurka saboda kuɗin data da mutane suka ce ya hau kansu. A iPhone maɓallin yana can ƙasan shafin datar sim. A Samsung ana kiransa "Switch to mobile data", cikin ƙarin saitin waifai. A Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka fi yawa a hannun mutanen karkara, sunan yana bambanta daga ƙira zuwa ƙira, amma ma'anar ɗaya ce: komawa datar sim idan waifai ya yi rauni. A neme shi a kashe.

Yanayin gidajen ƙasar Hausa yana ƙara wa wannan ƙarfi. Gida mai zaure da tsakar gida da sassa da yawa ya fi ƙarfin ƙaramar rauta ɗaya. Katangar ƙasa mai kauri da bulo da kwanon rufi duk suna rage siginar. Rautar da aka ajiye a ɗakin samari kusa da zaure da ƙyar za ta kai ɗakin Inna a can ƙurya, sai wayarta ta riƙa nuna sanda ɗaya tana shan katinta. Gara a ɗora rautar a wuri mai tudu kusa da tsakiyar gida, nesa da ƙarfe. Idan tana da zango biyu, na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango da nisa, na gigahaz 5 ya fi gudu amma a kusa. Sai kuma batun wuta. Duk lokacin da aka ɗauke wuta rautar da ba ta da batir ta mutu, kowace waya a gidan ta koma sim ɗinta a daƙiƙar nan, da bidiyon da ake kallo da abin da ake saukewa duka. Ƙaramin batir na rauta ko haɗa ta da sola yana rufe wannan ƙofa.

Mafi sauƙin magani, kuma mafi inganci, shi ne kashe datar sim da hannu idan an shigo gida, a kunna ta idan za a fita. Ga dattijon da ba ya amfani da intanet sai a gida, a kashe ta a bar ta a kashe, a kuma nuna masa maɓallin da idonsa don ya gane shi. Kashe data ba ya hana kira ko saƙon tes shigowa. Wannan yana buƙatar a faɗa wa iyaye a sarari, domin da yawa suna tsoron a taɓa musu layi. A waya mai sim biyu a duba wanne aka ba aikin data, domin sau da yawa kunshin data yana kan layi ɗaya, wayar kuwa tana sha daga ɗayan, inda babu kunshi sai tsabar kati, kuma megabait ɗin da aka saya da tsabar kati ya fi na kunshi tsada nesa ba kusa ba.

Bayan wannan a bi manhajojin da suka fi ci. WhatsApp yana da saitin sauke hotuna da bidiyo da kansa, kuma wayar da ke cikin zaurukan 'yan uwa da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai tana iya sauke ɗaruruwan megabait a yini ba wanda ya kalla. A hana shi saukewa ta datar sim. A saita Play Store ya sabunta manhajoji ta waifai kaɗai. A kashe kunna bidiyo da kai a Facebook, a rage ingancin hoto a TikTok da YouTube. Android tun daga siga ta 7 da ta fito a 2016 yana da maɓallin tsimin data da ke hana manhajoji aiki a ɓoye. Wayar Android kuma tana da shafin da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, na sim daban, na waifai daban. Kafin a ce kamfani ya yi sata a fara duba wannan shafi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma lissafin da ke cikin wayar shi ne zai raba gardama.

Akwai kuma juyin matsalar, wanda masu maifai ke faɗawa ciki. Kwamfuta da waya suna ɗaukar kowane waifai a matsayin rijiyar da ba ta ƙafewa, domin a ƙasashen da aka ƙera su waifai daga kebul yake zuwa. Rautar Kausani kuwa sim ne a cikinta, datar awo ce. Laftof ɗin da aka haɗa da ita tana iya fara sauke sabuntawar Windows ta gigabait da yawa a dare ɗaya. Tun daga Windows 8 akwai maɓallin "Metered connection" a bayanan kowane waifai, wanda ke gaya wa kwamfuta cewa wannan ruwan sayensa ake yi. A kunna shi. Android ma yana da irinsa. A kuma sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita, a riƙa leƙa jerin waɗanda ke haɗe, domin kalmar da aka ba aboki ɗaya a majalisa ba ta kwana a wajensa. Wanda yake son taimakon maƙwabci ya ba shi da saninsa da yardar mai biyan kuɗin.

Saura abin da ba ya cikin na'ura sam, yana wajen kamfani. Mutum ya koma rauta amma kunshin mako ko na wata da yake saye a sim ɗinsa yana kan sabunta kai, duk katin da ya sa sai a cire. Ko kuma ya taɓa cin bashin data, sabon kati ya tafi biyan bashin da ladan kamfani a kai. Ko an sa shi cikin wani tsarin waƙar kira ko wasa ko labarai da ake cire masa kuɗi kullum. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobi suka zama iri ɗaya a duk layuka: *310# don duba kuɗi, *323# don duba data, *312# don saye da sarrafa kunshi, *305# don dubawa da dakatar da tsare-tsaren da ke cire kuɗi, 300 kuma don magana da ma'aikatan kamfani. Aika kalmar STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla. Tun da hukumar ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane megabait da ya zube ya ƙara nauyi a aljihu.

Tsohuwar dabarar Moldoba ma ta sake dawowa a waya. Akwai dangin miyagun manhajoji da masana tsaro suka sa wa suna Joker, waɗanda ke ɓuya cikin manhajar fitila ko ta gyaran hoto ko ta adon allo. Da yake ta datar sim ce kaɗai kamfani ke gane lambar mai waya ya caje shi, manhajar kan kashe waifai da kanta ko ta jira a fita daga gare shi, ta yi wa mutum rajistar wani tsari mai cin kuɗi, ta karanta lambar tabbatarwa da aka turo, ta ɓoye saƙon. Wayar da waifai ɗinta ke mutuwa da kansa, datarta ke kunnuwa ba a taɓa ta ba, ta cancanci a bi manhajojinta ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda aka turo ta Xender ko aka sauke daga wajen Play Store. Manhajar fitila ba ta da hujjar neman izinin karanta saƙonni.

Duk da haka ba a cewa a yar da tsohon layi. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, bankuna suka shiga tangarɗa, kuma ba duka kamfanoni abin ya taɓa daidai ba. A cikin gida ma aikin hanya yana yawan tsinke faiba. Mai POS da ke fita kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san amfanin layi na biyu na wani kamfani daban. Abin da ake so shi ne layin ajiya ya zauna a ajiye, mutum ne zai ɗauko shi da hannunsa ranar buƙata. A riƙa ɗan amfani da sim ɗin lokaci-lokaci, domin layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, kuma idan yana haɗe da asusun banki matsalar ta wuce ta data.

Idan an bi duk waɗannan kuɗi bai daina tafiya ba, sai a tara shaida. A duba kuɗi da data da dare a ɗauki hoton allo, a kashe datar sim, a sake dubawa da safe a ɗauki wani. Idan an cire wani abu, a kira 300 a kai ƙorafi, a karɓi lambar ƙorafin a rubuta ta tare da rana da lokaci. Idan kamfani bai warware ba, layin NCC na 622 kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan ita ce abin da za a fara tambaya. Idan kuwa alamu sun nuna na'urar ce ke da lahani, kafin a kai ta wajen mai gyara a Wudil ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, a kwashe hotuna da takardu da lambobi a ajiye a wani wuri, a cire sim da katin ajiya, a fita daga manhajojin banki, a kuma gaya wa mai gyaran matakan da aka riga aka bi, don kada ya fara da goge wayar.